Piya-piya da ƙwayar wake: wane ne ke auna gubar da muke shaƙa?

Duk wanda ya ratsa layin ƴan hatsi a babbar kasuwar Maradi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, a watannin da ke bin kaka, ya san warin nan da ke fitowa daga mangazar wake. Wari ne mai kama maƙogwaro, wani lokaci kamar na tafarnuwa, wani lokaci kamar na ruɓaɓɓen kifi. Baƙo na toshe hanci, amma ƴan dako da masu awo sun saba da shi har ba su jin sa. A bakin ƙofar suke cin abinci, nan kuma suke kishingiɗa da rana. In ka yi magana sai a ce maka ai maganin ƙwari ne, ba na mutum ba.

A cikin shirinmu na rediyo, wata baiwar Allah mai saida wake da tiya ta kira mu a waya. Ta ce bayan kaka ta tattara jarinta ta sayi buhu uku, da niyyar ta riƙe su har bazara lokacin da farashi ke tashi. Ta sayi ƙwayar nan ta fostoksin da wasu ke ce wa bom, ta naɗe kowace a tsumma, ta tura ɗaya cikin kowane buhu. Saboda tsoron ɓarayi sai ta jingina buhunnan a ɗakin da ɗiyanta ke kwana. Kafin asuba yara biyu suka tashi da amai da ciwon kai, ƙaramin yana numfashi da ƙyar. Allah ya kiyaye, bayan kwanaki a gidan likita an sallame su. Sai ta ce: "Malam, yaran nan ba su ci ba, ba su taɓa ba. Ta ina abin ya shige su? Kuma in yana da haɗari haka, wa ya yarda a saida shi a tebur ɗaya da ashana da sabulu?"

A ranar ba mu ba ta amsar da ta gamsar da mu kanmu ba. Shi ya sa muka koma muka yi tambaya, muka yi karatu, muka kawo maganar a wannan shafi.

Hanci ba shi da mai gadi

Abin da mutum ya ci, harshe na iya ƙin sa, ciki na iya maido shi, wanda ya wuce kuma sai ya bi ta hanta kafin ya gama jiki. Fata ma katanga ce. Amma numfashi ba a ajiye shi a ce sai anjima. Baligi na shaƙar iskar da ta wuce lita dubu 10 a yini ɗaya da dare, ko yana so ko ba ya so, ko yana barci. A ƙarshen hanyoyin huhu akwai ƴan ƙananan jakunkuna miliyoyi ɗaruruwa, kuma abin da ya raba iskar cikinsu da jini bai kai kaurin yanar gizo-gizo ba. Duk abin da ya isa nan ya shiga jini ke nan, cikin ƴan daƙiƙoƙi ya kai zuciya da ƙwaƙwalwa. Yaro kuwa, in aka kwatanta da nauyin jikinsa, ya fi babba jan iska, don haka shi ke fara faɗuwa.

Wannan ne ya sa masana ba su haɗa gwajin gubar da ake ci da na wadda ake shaƙa. Kowane da hanyarsa.

Tun kafin a gina ɗakunan bincike na yau, masu haƙar gawayin ƙasa a Ingila suna shiga rami da ɗan tsuntsu kanari a keji. Wani likita mai suna John Haldane ne ya ba da shawarar amfani da ƙananan dabbobi a ƙarshen ƙarni na 19, don mugunyar iskar da ba ta da wari tana kayar da tsuntsu kafin ta kayar da mutum. In kanari ya faɗo daga kan sandarsa, sai kowa ya nemi hanyar fita. Ba a daina wannan ba sai a 1986, da na'urori suka karɓi aikin. Irin wannan iskar ce dai ke fita daga kaskon gawayi da muke shiga da shi ɗaki mu rufe ƙofa a lokacin ɗari.

Shi kuwa lissafin guba da lokaci, asalinsa ba mai daɗin ji ba ne. Wani Bajamushe, Fritz Haber, wanda ya gano hanyar da ake yin takin zamani da ita har yau, shi ne kuma ya jagoranci harin iskar guba da aka kai a Ypres ta ƙasar Beljik a 1915. Daga binciken wannan aikin ya fito da ƙa'idar da ake kira da sunansa: illar guba ta dogara ga yawanta a iska da kuma tsawon lokacin da aka ɗauka ana shaƙar ta. Guba kaɗan na tsawon dare na iya yin ɓarnar da guba mai yawa ke yi cikin ƴan mintoci. Ƙa'idar ba ta dace da kowace guba ba, amma mai kwana a mangaza ya riƙe ta. A 1927 kuma wani masanin magunguna ɗan Ingila, John Trevan, ya kawo ma'aunin da ake ce wa DL50, wato yawan gubar da ke kashe rabin dabbobin da aka ba. Ɗan uwansa na iska shi ake kira CL50.

Awa huɗu a cikin bututu

Yau kusan duk duniya ƙa'idojin ƙungiyar OCDE, mai mazauni a Paris, ake bi. Ta fitar da ƙa'ida mai lamba 403 a 1981, ta sabunta ta a 2009. Ga yadda ake yi.

Ana samun ɓeraye na ɗakin bincike, lafiyayyu, masu mako 8 zuwa 12 da haihuwa. Ana raba su rukuni-rukuni, aƙalla uku, kowane rukuni maza biyar mata biyar. Kowane ɓera ana sa shi cikin wani bututu daidai jikinsa, hancinsa kaɗai ke leƙawa cikin akwatin da iskar ke gudana. Dalilin haka shi ne in aka sa shi gaba ɗaya cikin akwati, gubar za ta kwanta a gashinsa, ya lashe, sai a kasa sanin ko ta huhu ta kashe shi ko ta ciki. Rukunin farko a ba shi iska mai guba kaɗan, na biyu a ƙara, na uku a ƙara. Awa huɗu suke yi a haka, kuma duk tsawon lokacin ana ɗibar iskar daga daidai inda hancin yake ana auna ta, don abin da aka zuba a na'ura ba lalle shi ke isa ga dabba ba.

In abin da ake gwadawa feshi ne ko ƙura, akwai wani sharaɗi mai muhimmanci: dole a niƙa shi ko a fesa shi har ƙwayoyinsa su zama tsakanin mikron 1 zuwa 4. Mikron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, silin gashin mutum ya kan kai kamar 70. Ƙurar da ta fi haka girma tana maƙalewa a hanci a fyace ta, ƙanana ne ke sauka har ƙasan huhu. Duk macen da ta taɓa surfe ko shiƙa ta san bambancin: ƙaiƙayin da ke sa atishawa daban, garin da ba a gani sai a hasken taga, wanda ke sa tari da dare, daban.

Bayan awa huɗun sai a fitar da ɓerayen a zuba musu ido har kwana 14. Ana auna nauyinsu, ana rubuta yadda suke numfashi, ko suna rawar jiki, ko sun daina ci. Wanda ya mutu a buɗe shi a duba huhu da sauran kayan ciki, waɗanda suka rayu ma a ƙarshe haka ake yi musu. Daga nan a yi lissafi a fitar da lamba guda, yawan gubar da ke kashe rabi. In lambar ƙarama ce, gubar mai ƙarfi ce.

Wannan gwajin shaƙa ɗaya ne. Ga mai aiki kullum da magani akwai wasu, lamba 412 da 413, inda ɓera ke shaƙa awa shida a yini, kwana biyar a mako, na tsawon kwana 28 ko 90. A nan ba mutuwa ake nema ba, ana neman adadin da bai yi wa dabba illar da ake gani ba. In an same shi ba a ɗaukar sa haka a ɗora wa mutum. Bisa al'ada ana raba shi gida goma saboda mutum ba ɓera ba ne, a sake raba shi gida goma saboda mutane ba ɗaya suke ba, akwai jariri, akwai tsoho, akwai mai asma, akwai mai ciki.

Masu tausayin dabbobi sun daɗe suna sukar wannan hanya, kuma suna da gaskiyarsu. Shi ya sa a 2009 aka ƙara ƙa'ida 436 mai amfani da maza uku mata uku a kowane mataki, a 2017 kuma aka amince da 433 wadda ke tsayawa da an ga alamun guba a fili ba sai dabba ta mutu ba. Ana kuma rainon ƙwayoyin halittar hanyar numfashi ta mutum a cikin ƴan faifai a busa musu magani a ga abin da zai faru. Amma mafi yawan lambobin da ke bayan takardun magungunan da ke kasuwanninmu, daga ɓera suka fito.

Daga ɗakin bincike zuwa jikin kwalba

Lambar ita ke haifar da hoton da ke kan kwalba. Tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na alamomin sinadarai, wanda aka fara bugawa a 2003, ya kasa gubar shaƙa aji-aji. Ga iskar gas ana ƙirgawa da ppm, wato kashi nawa cikin miliyon na iska. Wadda ke kashe rabin ɓeraye a 100 ko ƙasa da haka ita ce aji na 1, zuwa 500 aji na 2, zuwa 2500 aji na 3. Duka ukun nan hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye suke ɗauka. Aji na 4 alamar motsin rai ake sa masa, sanda da ɗigo a ƙarƙashi.

Sai kuma layin launi da ke ƙasan takardar maganin ƙwari: ja ga mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai tsanwa. Ko wanda bai shiga makaranta ba yana iya karanta wannan, kuma ya kamata kowace mai tebur ta san shi. Sai dai ga wani abu da mu ma ba mu sani ba sai da muka bincika. Launin ya samo asali ne daga jerin hukumar lafiya ta duniya, OMS, kuma jerin ya dogara ga gwajin ci da na fata. Magungunan da ke aiki ta hanyar zama iska, irin su fostoksin, OMS ta ware su a wani jeri na dabam ba ta ba su aji ba. Ke nan launi shi kaɗai ba ya gaya maka duk abin da hancinka ke ɗauka. Sai ka duba ƙananan hotunan da ke jere a cikin layin, in ka ga fuska sanye da abin rufe hanci da baki to da dalili aka zana ta.

Bari mu koma ɗakin mai wake

Ƙwayar fostoksin mai nauyin giram 3 tana fitar da giram 1 na iskar da ake kira fosfin, da zarar ta haɗu da laimar iska. A wani gwajin da aka buga a 1975, kamar ppm 11 na wannan iska ya kashe rabin ɓeraye cikin awa huɗu. Aji na 1 ke nan, can ƙuryarsa. A Amurka iyakar da doka ta yarda ma'aikaci ya shaƙa a yinin aiki na awa takwas ita ce 0,3, kuma hukumar lafiyar ma'aikata ta ƙasar ta ce daga 50 rai na cikin haɗari nan take.

To mu yi lissafin ƴan kasuwa. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin mita 2 da rabi, yana ɗaukar lita dubu 30 ta iska. Giram ɗaya na fosfin ya kai kusan kashi bakwai cikin goma na lita. In ƙwaya ɗaya ta gama narkewa a irin wannan ɗaki a rufe ruf, iskar za ta kai kamar ppm 24, wato ninki 80 na iyakar ma'aikaci. Ƙwaya uku sun haura 70. Buhun wake na saƙa kuwa ba ya riƙe iska, tsumman da aka naɗe ƙwayar ma haka. Abin da ya ceci yaran baiwar Allah nan, bayan ikon Allah, shi ne tagar ɗakin ba ta da marfi, tsohon buhu ne aka rataya.

Fosfin ba shi da makari. Likita zai ba da iska, ya tallafi zuciya, ya jira. Kuma kada wani ya ce wannan jahilcin talakan Sahel ne. A watan Janairun 2017, a garin Amarillo na jahar Texas a Amurka, wani magidanci ya zuba irin wannan magani a ƙarƙashin gidansa don ɓeraye, da wari ya dame su sai ya watsa ruwa don ya wanke. Ruwan ya ƙara tayar da iskar, ɗiyansa huɗu suka rasu. A can ma tun 2010 aka hana amfani da shi a kewayen gidajen kwana, bayan mutuwar wasu ƴan mata biyu ƙanana a jahar Utah. Magani ne na ƙwararrun masu turara mangaza, masu tamfol da abin rufe fuska da na'urar auna iska. Ba a yi shi don a saida ƙwaya ɗai-ɗai ba.

Piya-piya kuwa, sinadarin da aka fi samu a cikinta shi ne diklorbos, wanda ake rubutawa DDVP. Shi ne kuma a cikin Sniper. OMS ta sa shi a aji mai jan layi, a Turai kuma takardarsa na ɗauke da gargaɗin cewa yana kisa in an shaƙa. Abin da ya sa ake son sa shi ne abin da ya sa yake da haɗari: yana tashi ya zama tururi da sauri, ya cika ɗaki, sauro ya zube. A jikin mutum yana hana jijiyoyi hutawa, sai ka ga yawu na zuba, gumi, hawaye, ƙirji ya ɗaure, baƙin ido ya tsuke kamar kan allura. Wannan yana da makari a gidan likita, allurar atropin, in an kai mutum da wuri. Nono da man ja da ake ɗura wa wanda ya shaƙa ba su warkar da komi, ɓata lokaci ne, kuma mai magagi na iya shaƙe su. A fitar da shi iska, a cire masa tufafin da suka jiƙe, a tafi da shi tare da kwalbar.

Abin da ba a gwada ba

Gwaji na amsa tambayar da aka yi masa ne kawai. Misalin da ya fi tsaya mana a rai daga Koriya ta Kudu ya fito. Tun daga 1994 ake saida wani ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa cikin na'urar da ke busa laima a ɗaki lokacin sanyi. Sinadaran da ke ciki an san su a kayan goge-goge, ana ganin ba su da wata matsala. Ba a tilasta wa kowa ya gwada abin da zai faru in sun zama tururi an shaƙe su dare bayan dare ba. Sai a 2011, da mata masu ciki da masu jego suka riƙa mutuwa da wani ciwon huhu da likitocin Seoul ba su gane ba, aka bi sawu, aka gwada a kan ɓeraye, aka ga huhunsu ya ƙandare. Aka janye kayan daga kasuwa. Ɗaruruwan mutane sun rasu, da yawansu jarirai. Ƙasar ta kafa sabuwar dokar rajistar sinadarai a 2013, wasu shugabannin kamfani kuma sun sha ɗauri.

Mu ma muna da irin wannan giɓin. An gwada diklorbos a matsayin maganin da manomi zai surka da ruwa ya fesa a fili. Wanda ake ɗurawa a tsofaffin kwalaben allura ko na turare, a gauraya shi da kananzir ko da abin da mai haɗawa kaɗai ya sani, a yayyafa ƙarƙashin gado a rufe ƙofa, babu ɓeran da ya taɓa shaƙar sa a wani ɗakin bincike. Ga kuma zafi. Ana riƙe ɗakin gwaji a kusan digiri 22, mu kuwa a watan Afrilu shagon kwano na wuce 40, kuma zafi na ƙara saurin tashin tururi.

Ko maganin sauro na kunnawa, mai naɗi kamar gammo, bai kuɓuta ba. Wani binciken da aka buga a 2003 a kan waɗanda ake yi a Asiya ya nuna ƙurar hayaƙin guda ɗaya ta kai ta taba sigari 75 zuwa 137. Ba mu ce a bar sauro ya ci yara ba, zazzaɓin cizon sauro ya fi kisa. Amma gidan sauro ba ya hayaƙi.

Wa ke ba da izini?

Ƙasashen Sahel sun gane tun da wuri cewa kowace ita kaɗai ba ta da masana da kuɗin tantance magunguna. A ƙarƙashin ƙungiyar CILSS suka amince da doka guda a 1992, suka sabunta ta a 1999, kwamitin magungunan ƙwari na Sahel, CSP, ya fara zama a Bamako a 1994. Kamfanin da ke son saida magani shi ke kawo kundi: sakamakon gwajin ci, na fata, na shaƙa, na illa ga muhalli, da kuma shaidar cewa an gwada ingancinsa a gonakin yankin ta hannun cibiyoyi irin INRAN. Kwamitin ba ya kiwon ɓeraye, takardu yake dubawa, yana dogara ga ɗakunan binciken waje masu bin ƙa'idojin OCDE. In ya gamsu sai ya ba da izinin wucin gadi na shekara uku, ko cikakken izini na shekara biyar. Alamarsa a jikin kwalba ita ce wata doguwar lamba da ke ƙarewa da APV-SAHEL ko HOM-SAHEL. A cikin gida kuma dokar kare tsirrai ta 26 ga Mayun 2015 ce ta ɗora wa ma'aikatar gidan gona sa ido, kuma mai shigo da magani ko saida shi sai da takardar amincewa.

Wannan a takarda ke nan. A kasuwa kowa ya san yadda abin yake. Ƙungiyar RECA ta manoma ta sha zagaya kasuwannin jahohi tana ƙirga magungunan da ke kan tebur, kuma abin da take samu shi ne mafi yawansu ba su da izinin CSP. Iyakarmu da Najeriya ta kai kusan kilomita 1500, kaya na shigowa a babur, a amalanke, a ƙarƙashin buhun masara. Lambar NAFDAC da ke jikin wasu izinin Najeriya ce, ba ta Sahel ba. Ita kanta NAFDAC a 2019 ta hana saida ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna, saboda yadda ake sha don kashe kai da yadda ake zubawa a abinci.

Ba za mu ɗora laifin duka a kan mai tebur ba. Mutum ne mai neman abin sawa a bakin salati, mai saye ne ya zo ya ce a ba shi "mai ƙarfi". Manyan da ke shigo da kwali-kwali sun fi shi sanin abin da ke ciki. Amma ƴan kasuwa su sani abin yana taɓa aljihu ma. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya saboda diklorbos. Iyakarsu miligiram 0,01 ne a kilo, an samu buhunnan da suka kai 4,6. Shekara ta zagayo suka tsawaita hanin. Wakenmu na Maradi da Damagaram da Doso kuwa, kowa ya san kudu yake gangarawa, kuma in sunan hatsi ya ɓaci ba a tambayar gonar da ya fito.

Ga wake dai akwai hanyar da ba ta bukatar ƙwaya ko feshi. Buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗa shi a 2007, kuma masu binciken INRAN na Maradi, irin su Dokta Ibrahim Baoua, suna cikin waɗanda suka gwada shi a kan wakenmu. In wake ya bushe sosai, aka matse iska, aka ɗaure kowace leda dabam, ƙwarin da ke ciki su ke shanye ɗan iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Ya fi buhun saƙa tsada, ɓera na iya huda shi in aka ajiye shi a ƙasa, kuma akwai na jabu masu siririyar leda, don haka a duba da kyau kafin a biya. Amma in bai huje ba ana sake amfani da shi wata kakar.

Mai waken ta sake kiran mu bayan makonni. Ta ce ta fitar da buhunnan ta shanya su a tsakar gida, ta binne farar tokar da ƙwayoyin suka bari nesa da rijiya kamar yadda ma'aikacin gidan gona ya gaya mata. Buhu ɗaya ta saida da wuri don biyan kuɗin magani, biyun ta juye su a buhu mai leda. Ta ce wanda ya saida mata ƙwayar har yanzu yana nan a bakin ƙofar kasuwa, gwangwanin a buɗe kusa da gwiwarsa, yana ƙirga wa mutane da hannu. Ta yi masa magana, ya ce shekararsa goma yana wannan sana'a, in ban da ɗan ciwon kai da yamma bai taɓa jin komi ba.